Inna Sa'adatu da Sunayen da Ta Ƙi Binnewa

Kafin rana ta leƙo ta kan duwatsun Misfala, unguwarmu a Makka, Inna Sa'adatu ta riga ta jiƙa kaya. Mai kawo ruwa ya san ƙofarta ce ta farko, yakan juye mata garwa huɗu ya wuce. Daga nan sai wanki: haramin alhazai, riguna, zannuwa, wasu da ƙurar Jidda, wasu da jirwayen miya. Tana durƙushe gaban daro har hantsi ya ɗaga, ta hau saman soro ta yi shanya, ta sauko ta sha shayi da guntun gurasa. Shekara ashirin da biyu ke nan tana haka. Bana, da aka sauko daga Arfa, ta kife daron ta ce ya isa, yatsunta sun daina matse tufa.

Amma ba don wanki kaɗai nake wannan rubutu ba. Duk macen da ta taɓa zama a taron suna ko walima a lungunanmu ta san Inna Sa'adatu mai bege ce, kuma ta san ɗabi'arta. Ba ta fara waƙa sai ta faɗi wanda ya yi ta, da inda ya yi ta, da abin da ya same shi har ya yi ta. Mata su ƙosa, shayi ya huce, wata ta ce, "Ya Inna, halas, ya isa, mun haddace, shiga waƙar!" Sai ta ce, "Ke da kika shigo gidan nan ba ki yi sallama ba? To, ni ma sallama nake yi wa mai waƙa."

Ta haka muka san cewa wata waƙar wani maɗinki ne ya yi ta a gonar auduga a Sudan, wata kuma wata makauniya ce ta yi ta a bakin teku tana jiran jirgi. Waɗannan mutane ba su bar gida ba, ba su bar takarda ba. Abin da ya rage musu a duniya shi ne ɗan lokacin nan da Inna take ɗauka kafin ta buɗe murya.

Akwai waƙa ɗaya da ta fi sauran shiga zuciyar mutane, wadda ake kira Waƙar Majinyaci. Tana farawa da cewa:

Ciwo ya kwantar da ni a hanya,
Begen Ma'aiki ya tashe ni.

A tsakiyar kowane baiti akwai ɗan tsayawa, kamar mai waƙar ya ja numfashi. Nan ne tsofaffi suke share hawaye.

Ga asalinta kamar yadda Inna take faɗa. Tana matashiya ta baro ƙasar Zazzau da mijinta a ƙafa, cikin ayarin masu niyyar Hajji. A wani ƙauye bayan Bauchi jaririyarta ta kamu da zawo, wani saurayi a ayarin mai suna Lurwanu kuma agana ta kama shi. Ayari ya wuce ya bar su. A ƙauyen akwai ɗakin magani na mishan, mai kula da shi wata Kirista ce, Rifkatu. Ita ta karɓe su. Kwana arba'in tana wanke wa Lurwanu ƙuraje da hannunta, a lokacin da ko inuwarsa mutane ba sa son takawa. Tana wankin tana rera wata waƙa ta majami'arsu a hankali.

Wata rana Inna ta tambaye ta waƙar ta wace ce. Rifkatu ta ce ta mahaifinta ce, Dawuda, maƙeri. A shekarar babbar mura ya binne 'ya'ya biyu cikin mako guda. Ya koma maƙera ya zauna, ya kasa ɗaga guduma, sai dai yana ta zuga wuta ba ƙarfe a ciki. A kan numfashin zugazugin nan waƙar ta zo masa, yana roƙon Ubangiji kada ya saki hannunsa. Ɗan tsayawar da ke tsakiyar baiti, nan ne zugazugi yake jan iska. Daga maƙera waƙar ta shiga majami'ar ƙauyen, daga nan ta bi ƙauyuka.

Lurwanu ya warke, jaririyar ma ta warke. Karin waƙar ya maƙale masa a kai. A hanya ya zuba masa nasa kalmomin na begen Manzo, bai ɗauki ko kalma ɗaya daga ta Dawuda ba. Ya iso Makka ya yi aikin ɗaukar ruwa shekara tara, ya rasu ba mata ba ɗa. Duk lokacin da Inna za ta rera waƙar takan ce, "Kalmomi na Lurwanu ne mai ruwa, Allah ya jiƙansa. Kari na Dawuda ne maƙeri. Wadda ta kawo shi kunnenmu Rifkatu ce, mai wankin ƙuraje."

Shekara uku da suka wuce, wannan jumla ta kusa raba ta da abincinta, kuma a gabana aka yi.

Alhaji Mukhtaru shi ne mai saukar da yawancin alhazan ƙasarmu a Misfala, kuma daga gidajensa wankin Inna yake fitowa. Ya yi niyyar a buga masa ɗan littafin waƙoƙin bege a Masar, ya riƙa raba wa baƙinsa. Da yake lokacin na dawo daga karatu a Alkahira, sai ya ce in zo in rubuta daga bakin Inna. Muka zauna a tsakar gidanta da hantsi, igiyoyin shanya suna ɗiga a kanmu. Waƙa shida muka rubuta lafiya. Da muka zo ta bakwai, ta faɗi sunayen nan uku, na rubuta. Alhaji ya leƙo takardar.

"Ummulkhairi, goge wannan," ya ce da ni. Ya juya wajenta. "Ya Inna, wannan fa littafi ne. Daga Makka zai fita. A ce waƙar da ake kuka da ita a gefen Harami karinta daga majami'a ya fito? Mutane cewa suke wani waliyyi ne ya samo ta a mafarki a Madina. Mu bar su a haka."

"Wane waliyyi? Yaya sunansa?"

"Ba a sani ba. Shi ya sa ya zama waliyyi."

Inna ta yi dariya har ta dafa daro. "Mukhtaru, na wanke maka wando tun kana yaro. Waliyyin nan na san shi. Fuskarsa duk zanen agana, kafaɗarsa ta yi kanta saboda sandan garwa. Gidanku ma ya kai ruwa."

"Tayyib, na yarda, a sa Lurwanu. Sauran biyun a bar su."

"Da matar nan ta bar shi, da wa zai yi waƙar? Da ta bar 'yata, da wa ya haifa min jikokin nan da ke maka ihu a lungu? Ni ban ce ka yi sallarta ba. Addininta nata, nawa nawa. Amma ba zan zo ɗakin Allah da ƙafata in koyi ƙarya da tsufana ba."

Alhaji ya miƙe yana kaɗe riga. Ya ce masu wanki ba su ƙare a Makka ba. Ni dai ina riƙe da alƙalami, kaina a ƙasa, ban goge ba.

Alhaji ya cika maganarsa. Wankin ya koma wani gida. Labari ya zaga, wasu mata suka daina kiranta taro, wata ma ta aiko a ce mata za a kira ta in za ta shiga waƙa kai tsaye. Inna ta ce a gaishe ta. Wata bakwai tana wanke kayan maƙwabta ɗai-ɗai, garwa huɗu ta koma ɗaya. Na kan shiga in same ta tana cuɗa riga guda kamar tana da ɗari, tana rera waƙar ita kaɗai, kuma wallahi ko ita kaɗai ce sai ta faɗi sunayen.

Inna, ke ce wadda yunwa ta zo ƙofarki ta tarar da ke kina shanya. Ke ce alamar da kabarin Lurwanu bai samu a kansa ba. Ba ki yi faɗa da kowa ba, Inna, ba ki kai ƙara ba. Kin dai ƙi cire suna uku daga bakinki.

Da lokacin Hajji ya zagayo, cikin baƙin Alhaji Mukhtaru akwai wata dattijuwa daga ƙasar Bauchi, Hajiya Shatu. An yi suna a lungunmu, mai jego ta nace sai Inna ta zo, aka gayyato baƙin ma. Inna ta gyara zama ta fara sallamarta. Tana ambaton Rifkatu, sai Hajiya Shatu ta ajiye kofin shayi.

"Wace Rifkatu? 'Yar Dawuda maƙeri?"

"Ita."

"La ilaha illallahu! Tana nan da ranta! Ita ta karɓi haihuwar 'ya'yana biyar. Ranar da zan taso har bakin mota ta rako ni, ta ce in na je in yi mata addu'ar ciwon gwiwa."

Inna ta rufe fuska da mayafi. Shekara kusan talatin ba ta san ko matar tana raye ba. Da ta buɗe fuska ta rera waƙar, a wurin jan numfashin nan ba wadda ta motsa.

Hajiya Shatu ba mai riƙe magana ba ce. Kafin la'asar ta ba duk masaukin labari, har da mai masaukin, ta kuma tambaye shi dalilin da ya sa ba wannan baiwar Allah ke musu wanki ba. Washegari sai ga ƙunshin kaya a ƙofar Inna, Alhaji na biye da shi. Ya gaishe ta, ya yi ta kallon igiyar shanya, sannan ya ce da ni, "Rubuta yadda ta faɗa. Amma da ƙananan baƙaƙe."

Inna ta ce, "Ƙanana ma sun isa. Mai nema zai matso da fitila."

Haka aka buga shi. Da Hajiya Shatu za ta koma, Inna ta ba ta dabino da kallabi da man zafi na gwiwa, ta ce a kai wa Rifkatu, a gaya mata jaririyar nan yanzu 'ya'yanta huɗu, kuma waƙar babanta ta yi tafiyar da shi bai yi ba. Bara amsa ta zo ta hannun wani alhaji: ƙullin daddawa, da saƙon cewa gwiwa ta yi sauƙi.

Yanzu muryar Inna ta fara dushewa, ba ta kai ƙarshen dogon baiti. 'Yan matan lungu su suke rerawa, ita tana gefe da carbi. Ranar Juma'ar da ta wuce wata ta yi gaggawa ta faɗa cikin Waƙar Majinyaci kai tsaye. Inna ba ta ko ɗaga kai ba. Matan wurin ne suka tare ta baki ɗaya: "Ke, sallama!" Yarinyar ta koma baya ta faɗi Lurwanu, ta faɗi Dawuda, ta faɗi Rifkatu.

Mun gode, Inna Sa'adatu. Allah ya huta da yatsun nan, ya sa wanda ya san sunan kowa ya kira naki da rahama. Mu kuma da muka gaji waƙa, ko sana'a, ko girki, ko hanyar da wani ya share muka bi, mu tambayi wanda ya fara, mu riƙa faɗin sunansa ko da shayi zai huce.