Waƙar Kuɗin Ruwa da Ta Kwashe Mini Aji

Na yi koyarwa har gashina ya yi fari, kuma abubuwa da yawa sun shige mini, amma makon da lissafin kuɗin ruwa ya watsa mini aji ba zai taɓa barin raina ba. Ba a daɗe da samun 'yancin kai ba aka turo ni daga Ikara zuwa wata firamare a ƙasar Kudan. Saurayi ne ni a lokacin, ga farin wando, ga keke, ga ji da kai. Aka ba ni aji bakwai, masu shirin jarrabawar shiga sakandare, kuma saura 'yan makonni a zauna ta.

Mun gama kusurwoyi da faɗin fili, mun wuce kaso bisa ɗari lafiya lau. Sai muka iso kuɗin ruwa mai haihuwa, wanda ba ya rasa fitowa a jarrabawar. Yaran nan duk sun yi karatun allo, abin da aka rera musu kawai ke zama a kansu, don haka na mai da ƙa'idar waƙa: "Uwar kuɗi a tara da ruwa, baɗi ruwan ma ya haifi ruwa." Suka ɗauka nan take, ni kuwa ina ta jin daɗin dabarata. Ashe da ita suka bi gari bayan an tashi, har ta ƙofar masallaci ana shirin azahar.

Washegari na tarar da ajina wayam. Rana ta biyu ma haka. Hedimasta ya kira ni, ya ce, "Malam, gari ya ɗauka riba kake koya wa 'ya'yansu. Liman na nemanka bayan la'asar, ni kuwa ba ruwana." Na san in yaran nan suka rasa jarrabawar bana, yawancinsu gonar rake za ta riƙe su ke nan.

Zauren liman cike yake da iyaye. Na tuɓe takalmi tun daga nesa, na durƙusa, na yi gaisuwa.

"Yaro, ka yi karatun Alƙur'ani kuwa?" in ji liman.

"Na sauke, Allah gafarta Malam."

"To, ka san hukuncin riba. Me ya kai ka rera wa yara ita?"

Na ce a jarrabawa ake tambaya. Zaure ya ɗauki gunaguni, wani ya ce to a bar jarrabawar mana. Liman ya ɗaga hannu, ya ce, "Yi mana shi nan a ƙasa mu gani."

Na share yashi da tafin hannu. Na ce mutum ne ya ranci fam goma, ruwa goma bisa ɗari. Shekarar farko ana binsa fam sha ɗaya. Ta biyu, fam sha biyu da sule biyu.

"Dakata. Wannan sule biyun daga ina ya fito?"

"Ruwan bara ne ya haifi nasa, Allah gafarta Malam."

Liman ya yi ta'awwuzi, ya daɗe yana kallon yashin. Ni dai na sadaƙar an kore ni daga garin. Can sai ya ce, "Ashe haka take cin mutum yana zaune. Wanda bai iya wannan ba, za a yanka shi yana godiya. Su koma su koya. Amma kai, kada in ƙara jin ta a waƙa, kuma kullum ka fara gaya musu haramun ce."

Ban gama sauke ajiyar zuciya ba wani dattijo ya miƙe. Mahaifin yaron da ya fi kowa ƙwaƙwalwa a ajin ne, wanda kan faɗi amsa kafin in ajiye alli. Ya ce, "Allah gafarta Malam, ni na riga na rantse nawa ba zai ƙara taka makarantar ba." Liman ya ce ai akwai kaffara. Dattijon ya ce shi bai saba warware rantsuwa ba, ya sa takalminsa ya fita. Na yi ta sintiri gidansa har na gaji, yana karɓata da mutunci, yana ba ni rake, amma bai sauya ba.

Sauran suka dawo, suka zauna jarrabawa, waɗansu suka ci. Shi kuwa yaron, bayan shekaru na gan shi a kasuwar Makarfi yana lodin mazarƙwaila. Ya sauke kaya, ya durƙusa ya gaishe ni, ya tambaye ni ko abokansa sun gama karatu. Na amsa masa, amma ban iya haɗa ido da shi ba.

Tun daga nan, duk garin da aka kai ni, nakan fara zama a zauren iyaye in gaya musu abin da zan koya wa 'ya'yansu kafin su ji shi a bakin titi. Na koyi wannan a makare, kuma yaron da ya fi kowa cancanta ne ya biya mini kuɗin karatun.