Hoton da Ya Toshe wa Motata Iska

Akwai wata Laraba a tsakiyar bazara da har yau na kasa mantawa da ita. A lokacin ina mataimakin mai koyarwa a sashen lantarki na wata cibiyar koyon sana'a a cikin garin Birnin Gwari, ina mataki na shida. Ga wanda bai san tsarinmu ba, mataimaki shi ne mai buɗe ɗakin aiki, ya jera kaya, ya zauna da ɗalibai har hannunsu ya faɗa, amma ba ya sa hannu a takardar kowa. Mai koyarwa ke sa hannu, a samansa kuma akwai shugaban sashe. Shekarata tara a wannan matsayi. Hanyar tashi daga shi guda ɗaya ce: idan tawagar dubawa ta zo daga Kaduna, shugaban sashe ya gabatar da aikin hannunka, jagoran tawagar ya gani ya yaba, ya sa sunanka a rahotonsa. Tawagar kuwa ba ta cika zuwa ba, saboda halin da hanyar daji take ciki. Kafin wannan zuwan mun daɗe ba mu ga kowa ba, kuma babu wanda ya san ranar da za a sake ganin su.

Aikin da na shirya wata 'yar mota ce mai rimot, tsawonta kamu ɗaya. Wani direba ya samo mini ita a gwanjo, ba ta da murfi. Ciwonta zafi. A cikin irin waɗannan motoci akwai ɗan akwati mai sarrafa gudu, mu ƙwaƙwalwa muke ce masa. Idan motar ta ɗan jima tana gudu a ranar garinmu, sai ya yi zafin da ba ka iya ɗora masa yatsa. Maganinsa fanka. Na ciro ƙananan fankoki biyu daga matattun kwamfutocin hannu, sai dai su wuta mai ƙarfin bolt biyar suke ci, batirin motar kuwa idan ya cika yana haura takwas. In ka haɗa su kai tsaye za su yi ta kuka har su mutu. Dole a sa regileta a tsakani, ya karɓi takwas ya miƙa biyar.

Ni na haɗa nawa. Wani ɗan baƙin abu ne mai ƙafa uku, bai kai ƙwallon dabino ba, na ɗora shi a ɗan allo da kafasita biyu masu daidaita wuta, na like da dalma. Halinsa shi ne, wutar da ya rage ba ɓacewa take yi ba, zafi take zama a jikinsa. Saboda haka yana buƙatar ƙarfe a bayansa mai janye zafin, da iska mai busa ƙarfen. Idan zafi ya yi masa yawa ba ya ƙonewa, kashe kansa yake yi har ya huce.

Ƙarfen na same shi a gida. Matata Safiya ta tarar da ni ina jujjuya murfin wata tukunyarta ta alminiyam, cikin kayan da ta zo da su daga Tabanni.

"Baban Ummi, wannan kallon da kake yi wa murfin nan, ni kaina ban samu irinsa ba tun muna zance," in ji ta.

Na yi mata bayani. Ta ɗauko almakashin yankan kwano ta miƙo mini da kanta.

"Yanka. Amma ranar da aka ba ka takardar ƙarin girma, ni za ka fara kawo wa in riƙe."

Murfin motar kuma daga jarka na yanko shi, na huda masa ramuka goma sha biyu a gaba, na tsaga baya. Iska ta shiga ta gaba, ta bi ta kan ƙwaƙwalwa da regileta, ta fice ta baya. Mako uku ina gwada ta a filin cibiya da tsakar rana, ba ta taɓa ba ni kunya ba. A makonnin nan na gina wa kaina ranar a zuci har na haddace ta. Babban baƙo zai miƙe daga kujerarsa, ya dubi jama'a ya ce, wa ya haɗa wannan? Idanu za su juyo kaina, ni kuma in sunkuyar da kai. Da yamma in shiga gida, in tarar da Safiya a bakin ƙofa da lalle a hannunta, ba sai na ce komai ba.

Ana gobe tawagar za ta zo, shugaban sashenmu Malam Tanimu, wanda muke kira Oga, ya karɓi murfin ya ce zai kai a yi masa kwalliya. Na ɗauka fenti ne. Da safiyar Laraba ya shigo ɗakin aiki yana murmushi, Baba Yohanna akawunmu na biye da shi da takardar tsarin taro. Oga ya kwance leda. An lulluɓe murfin gaba ɗaya da sitika mai sheƙi. A gaba ga hoton jagoran tawagar da hularsa, a gefe da baya ga sunan cibiya da barka da zuwa.

"Oga, an rufe ramukan iska," na ce.

"Waɗanne? Waɗanda suka mai da ita kamar rariya? Ai gyara maka na yi."

"Ranka ya daɗe, ta nan take numfashi. Bari in bi su da reza, ba zan ɗau lokaci ba."

Ya ɗaga murfin wajen hasken taga ya duba ta ciki. Ramukan sun faɗo daidai goshin hoton, da idanu biyu, da hanci.

"Sa'idu, lafiyarka kuwa? Mutum ya ratso dajin nan da rakiya, ya bar iyalinsa suna ta addu'a, kai kuma ka tarbe shi da fuskarsa a huhhuje? Me kake so a ce muna nufi?"

"To a huda gefe."

"Gefe sunan cibiya ne."

"To a tuƙa ta babu murfin."

"Tsirara a gaban baƙi? Wayoyi a waje kamar hanjin kaza? Zagaye biyu kawai za ta yi, a tafa, a ɗauke. Faɗa mini tsakaninka da Allah, zagaye biyu zai kashe ta?"

Na ce ba zai kashe ta ba. Kuma gaskiya na faɗa.

An ce baƙi za su iso da hantsi, ba su iso ba sai da rana ta take. Aka jera kayan kowane sashe a kan tebura a fili, manya na cikin rumfa. Aka yi addu'a ta Musulmi da ta Kirista, aka shiga jawabai. Motata na kan tebur, rana na dukanta fiye da awa ɗaya. Na taɓa murfin na ji kamar marfin tukunyar da ke kan wuta. Rezar tana aljihun gabana. Babu mai kallona, duk hankali na wajen mai jawabi. Ko tsaga uku na yi a ƙasan gemun hoton, inda ido ba zai kai ba, da ta samu abin shaƙa. Na sa hannu a aljihu, na tuna fuskar Oga, na tuna shi zai faɗi sunana, na fitar da hannun babu komai.

Da aka zo kanmu na kunna ta. Ta yi zagaye na farko, ƙura na tashi a bayanta, ɗalibai na tafi. Ta yi na biyu. Na kawo ta gaban rumfa na tsayar, zuciyata ta fara kwanciya. Sai babban baƙo ya miƙe yana dariya, ya miƙo hannu.

"Kawo in gwada. Rabona da irin wannan tun ina yaro."

Wa zai hana shi? Na nuna masa inda ake dannawa. Mutumin kirki ne a ranar, ba zan yi masa ƙarya ba. Ya naɗe hannun babbar rigarsa, ya danna har ƙarshe, motar ta yi tsalle, ya ƙyalƙyale da dariya. Zagaye na uku, na huɗu, na biyar. Duk lokacin da ta wuce gaban rumfa da hotonsa a goshinta sai tafi ya ƙaru. A na shida kunnena ya ji abin da babu wanda ya ji: siririn kukan fankokin ya ɗauke. Regileta ya kai iyakarsa ya kashe kansa.

Na matsa kusa da Oga na ce a hankali, "Fanka ta tsaya. A karɓe rimot ɗin."

Bai dube ni ba. Ya ɗora takalminsa a kan ƙafata ya danna, yana ci gaba da tafi.

Ba ta gama zagaye na bakwai ba. Ta yi tangaɗi, ta tsaya a tsakiyar fili, farin hayaƙi ya fito ta ƙarƙashinta. Sitikar ta kumbura daidai kumatun hoton, ta yi baƙi. Wari ya iso rumfa.

Babban baƙo ya dubi jama'a ya ce, "Wa ya haɗa wannan?"

Idanu suka juyo kaina, na sunkuyar da kai.

"Mataimakina ne, ranka ya daɗe," in ji Oga. "Yaro ne mai ƙoƙari, sai dai taurin kai. Na sha gaya masa ya bar haɗe-haɗen hannun nan, ga irin abin da nake gudu."

"Ku riƙa sayen na kamfani," in ji baƙon. "Lantarki ba abin wasa ba ne." Ya miƙa rimot ɗin ga wanda ke kusa da shi, ya goge hannunsa da hankici, suka wuce teburin masu ɗinki.

Bayan an watse na kai ta ɗakin aiki na buɗe. Ƙwaƙwalwar ta narke. Regileta kuwa ya huce. Na haɗa shi da batir na sa mitar awon wuta: bolt biyar cif. Fankokin suka tashi suna juyawa kamar babu abin da ya faru. Na daɗe zaune ina kallon su. Da na koma gida Safiya ta dubi fuskata sau ɗaya, ta janye hannayenta cikin mayafi. Ta sa lallen.

Washegari aka ba ni takardar tuhuma. A ƙa'idar aiki, ma'aikaci na da kwana ɗaya ya ba da amsa a rubuce, akawu ya karɓa ya buga hatimi, a haɗa da rahoton shugaban sashe a aika sama. Na cika shafi uku. Na zana hanyar iska, na faɗi awon da mita ta ba ni, na rubuta maganar da muka yi da Oga kalma da kalma. Na kai wa Baba Yohanna. Ya sa tabarau ya karanta har ƙarshe, sannan ya tashi ya tura ƙofar ofis.

"Ɗana, babu ƙarya ko ɗaya a nan. A gabana aka yi."

"To Baba, buga hatimi."

"Ka san teburin da takardar nan za ta sauka? Teburin mai hoton. Kana so ya zauna a ofishinsa ya karanta cewa fuskarsa ce ta ƙona mota? Kuma shi ya danna har ta mutu? Ba Tanimu zai kora ba."

"In an tambaye ka za ka shaida?"

Ya cire tabaraun ya goge da bakin rigarsa.

"Wata bakwai ya rage mini in ajiye aiki. Gonata a Kusasu ba ta nomuwa yanzu, ka sani. Kada ka sa ni abin da ba zan iya ba."

Ya jawo farar takarda ya ajiye a gabana, ya ɗora biro a kai. Na zauna. Layi huɗu na rubuta: cewa matsalar daga regiletan da na haɗa da hannuna ta taso, cewa ban bi shawarar shugabana ba, ina neman afuwa, ba zan sake ba. Ya buga hatimi. Shafuka ukun ya miƙo mini ya ce in kai gida.

Rahoton tawaga ya fito babu sunana. Aka sa mini gargaɗi a fayil, wanda a tsarinmu yake hana a duba ƙarin girmanka har sai ya tsufa. Shekara biyar na ƙara a mataki na shida. Aka kuma turo sanarwa cewa an hana amfani da regileta haɗin hannu a sashen, Oga ya manna ta a bangon ɗakin aiki.

Ku da kuka shigo bayanmu, abin da zan gaya muku kaɗan ne. Duk abin da za ku haɗa, ku fara tambayar ta ina zafinsa zai fita, domin kayan lantarki ba su san babban baƙo ba. Ku kuma sani cewa a aikinmu, idan hayaƙi ya tashi, kan wanda ba ya sa hannu yake sauka. In kun hango ɓarna, ku faɗa a rubuce tun da safe, ko ku yi abin da ilminku ya ce ku yi ku ɗauki faɗan. Faɗan Oga na yini ɗaya ne. Na daina jin haushin Malam Tanimu, kwalliya ya sani, ita ya yi. Baba Yohanna ma na yafe masa tun kafin ya rasu. Wanda na kasa yafe wa shi ne mutumin da ya san gaskiya da awonta, ya tsaya awa guda da reza a aljihu, washegari kuma ya ɗora laifi a kan abu ɗaya tilo da ya yi aikinsa daidai.

Sanarwar tana nan a bango, ta yi ja don tsufa. Duk shekara sai wani sabon ɗalibi ya karanta ya tambaye ni dalili. Nakan ce masa wani mataimaki ne ya taɓa haɗa regileta marar kyau, ya ƙona mota a gaban baƙi. Haka yake a fayil, kuma rubutun hannuna ne.