Tsagen Gidanmu a Bakin Matashi

Shekarun baya, lokacin Nasara ba su daɗe da kafa barikinsu a Damagaram ba, ina ɗinkin matasan fata a Birni, irin waɗanda ake zama a kai. Hannuna na da kyau, wannan ko maƙiyina ya sani. Zuciyata ce ba ta zama wuri ɗaya. Ana ba ni shawara da safe, kafin azahar na aikata wani abu daban.

Abin da ya tayar da ni, wata rana wani bafatake ya dire min matashi duk ya ɓare, ya ce aikina ne. Ba nawa ba ne, amma da me zan rantse? Mu dukawa ba ma sa shaida a kaya. A kwanakin kuwa na ga yadda mata ke tambayar yadin kanti da hoton da ke manne a turmin, wannan ta ce mai zaki, waccan ta ce mai laima. Na ce ni ma sai na yi tawa shaidar.

Maƙeri ya faɗi kuɗin hatimin tagulla, na yi masa sallama ban waiwayo ba. Sai abokina mai ɗinkin hula ya ce, "Kai da gaggawa. Ga guntayen farin saƙi nan ina zubarwa. In yanka maka ƙanana, in yi musu ado da baƙin zare, ka riƙa cusawa a bakin ɗinki. Ka yi min kube kawai mu rabu lafiya."

Saura abin da za a zana. Suna dai ba zai yiwu ba, don sunan Annabi ne da ni, ba a sa shi inda za a zauna. Har na yaba wa kaina da wannan hankali. Ina shafa kumatu ina tunani, sai yatsuna suka bi tsagen gidanmu na Barebari, dogaye a kunci, ɗaya daga goshi zuwa karan hanci. Na ce wa abokina su zai zana. Ya ɗan dube ni, ya ce, "Ka gaya wa Inna?" Na ce me ya haɗa mahaifiyata da harkar kasuwa.

Kaya suka tafi. Har kukun laftanan ɗin Nasara, wanda maƙwabcinmu ne a da, ya zo ya ce maigidansa na son irin mai ƙyallen nan. Ban iya zama a rumfa ba don murna.

Matar kukun ta haihu, mahaifiyata ta je barka can harabar gidan laftanan. Ta dawo ba ta amsa sannuna ba. Aka kawo tuwo, ta ture akushin.

"Ɗan nan, yau na ga fuskar ubanka," in ji ta. "Kare na kwance a kanta yana lasa."

Na ce, "Inna, ai zare ne kawai."

"Zare? Askar da ta tsaga shi, ɗan wanzamin ne ya tsaga ka da ita, ina riƙe da kai kana ihu. Da wannan tsagen na gane gawarsa ranar da aka kwaso su daga fagen yaƙi. Shi ka ba mutane su ɗora ɗuwawu?"

Ta ce ba za ta ƙara cin hatsin da na saya ba sai ƙyallayen nan sun dawo gida. Mahaifiyata ba ta magana biyu. Ta koma shan kunun da maƙwabta ke aiko mata, ni da raina da lafiyata. Kunya ta kama ni, tsoro ya fi kunyar, don tsohuwa ce kuma ba ƙarfi gare ta ba.

Na soke 'yar wuƙata a ƙugu na shiga gari. Birni, Zango, zaure zaure, ina roƙon mutane su bar ni in farke abin da na sayar musu in sake ɗinkewa. Wasu suka yi dariya, wani attajiri ya ce ai don ƙyallen ya saya. Kuku ya fito min da na laftanan ta ƙofar baya, na yanke ina jin haushin karen. Na bi wani har garin Dogo a ƙafa. In na dawo sai in leƙa akushinta, in tarar da tuwon yadda aka kawo shi.

Ranar da na gama, na zube mata su a faifai. Ta wanke su ɗaya bayan ɗaya, ta shanya a gefen gadonta.

"Duka ke nan?"

Ƙarya ta zo har bakina. Na ce, "Saura ɗaya, Inna. Wani sarjan ɗin Nasara ya tafi da shi ƙasarsu, an ce sai an ƙetare teku."

Ta ajiye faifan gefe. Sannan ta jawo akushin ta buɗe.

"Mutumin da bai taɓa kwana a wajen ƙasar Damagaram ba," ta ce, "kai ka tura shi can shi kaɗai."

Ta ci, amma loma kaɗan, kuma ba ta sake ta da maganar ba har ta rasu.

Ban daina sa ƙyalle ba. Yanzu reshen dabino abokina ke zana min, wanda ba uban kowa ba ne, kuma duk abin da zan manna wa kaya sai na kwana da shi tukuna. Sai dai hankalina bai gama kwanciya ba. Na tsufa, tsagen nawa ma sun nutse cikin tamoji, amma wani lokaci ina cikin ɗinki sai basilla ta tsaya a hannuna, ina tunanin wane ne yake zaune a kan ubana yanzu.