Kalmar da ta kusa kai Malam Habu kaso

Har yau ina tuna wata safiyar Litinin a shekarun saba'in, ina ƙaramin sakatare a biron kula da dabbobi a Magariya. Aikina buga takardu, amma da yake na yi shekara biyu wurin kawuna a Kano, duk wasiƙar Ingilishi ni ake miƙa wa.

A lokacin, ba a tsallaka da shanu Najeriya sai an yi musu allura an ba da takardar shaida. Ran nan takwarorinmu na can suka aiko da wasiƙa a kan wani falken shanu na Guci, Malam Habu. Shugabanmu ya riga ni buɗe ta. Ba ya jin Ingilishi, amma idonsa ya faɗa kan kalma ɗaya, violated, ya ji ta kamar violer ta Faransanci.

"Fyaɗe!" in ji shi. "Isa, rubuta wa jandarma yanzu."

Malam Habu na zaune a waje, dattijo mai jikoki, yana jiran sakamako, don an dawo da shi da shanunsa daga can. Na san in maganar nan ta fita, ko an wanke shi daga baya, sunansa ya ɓaci a Guci har abada.

Na ce, "Ranka ya daɗe, a ba ni in karanta layin duka."

Na karanta. Abin da ya biyo bayan kalmar shi ne dokar allurar shanu. Na bayyana masa cewa violate tana ɗaukar ma'ana daga abin da ke gabanta. In doka ce, an karya ta. In yarjejeniya ce, an saɓa mata. Sai an ambaci mace take zama abin da yake tsoro.

"Ai ko mu a Faransanci muna cewa violer la loi, wato karya doka," na ƙara.

Shugaban ya dafe goshi yana dariya. Ya sa aka kira Malam Habu.

"Baba, ka tsallaka ba allura?"

"Na tsallaka, ɗana. Mai allurar ya makara, kasuwa kuwa ba ta jira."

Aka yi wa shanunsa allura, aka ja masa kunne, ya koma gida bai taɓa sanin abin da aka kusa liƙa masa ba.

Ku da kuka shigo aikin yanzu, kada ku ɗauki alƙalami sai kun kai ƙarshen layi. Takarda ce a hannunku, amma mutuncin wani ne a ciki.