Barkar da Muka Yi wa Yaya Bello da Wuri

Shekara bakwai ke nan da rasuwar yayana Bello, manomin shinkafa a Bakura. Da ba don ƙanenmu Lawali ba, da na yi masa addu'a na ja bakina kamar kowace shekara. Makon jiya aka sallamo Lawali daga asibiti a Sakkwato, an yanke masa wani sashe na hanji. Sankara ce, irin wadda ta ci Yaya. Likita ya ce lallai ya koma a yi masa ƙarin ruwan magani mai kashe ragowar ciwon, shi kuwa har ya fara cewa ai ya ji sauƙi.

Haka Yaya ya fara. Ranar da aka dawo da shi bayan tiyata, gidan ba masaka tsinke. Daga Damri, daga Birnin Tudu, har surukansa na Maradun, kowa ya zo barka da arziki. Aka yanka rago, aka raba waina sadaka. A wurinmu kuwa, in aka yi maka barka ka amsa, maganar ciwo ta ƙare ke nan. Da lokacin komawa asibiti ya yi, sai ya ce, "In koma in ce mi? Sun hidda abin. Jama'a sun yi man barka, Allah ya ba ni lahiya, sai in nuna ban gode ba?" Mutum ne mai kunya, ga taurin kan tsiya. Ya koma fadamarsa, ya yi noman rani biyu, har ƙiba ya yi. A na uku ciwon ya ɓullo a hanta.

'Yarsa Hadiza tana jami'a yanzu, kuma kan wannan ciwon take bincike. Ita ta zaunar da ni ta yi mini bayani. Ashe fatar cikin hanji kullum sabuntawa take yi, daga wasu 'yan ƙwayoyin halitta da ke zaune a gindin ƙananan ramuka, su ne uwayen sauran. Kowace tana da birki a cikin abin da ta gada, mai hana ta haihuwa ba ƙaƙƙautawa. In birkin ɗaya ya lalace, a nan ƙari yake farawa. Shi ma ƙarin yana da nasa uwayen, wasu sukan ɓalle su bi jini, su laɓe su yi lamo, wuƙar likita ba ta ganinsu. Kamar ciyawar kirikiri a gona, ka nome sama, saiwa na ƙasa tana jiran ruwa.

Na ce, "To, da ya koma, da ya rayu?" Ta ce, "Gwaggo, ba wanda ya sani. Wasunsu ma maganin ba ya kashe su. Amma da an rage su, kuma da an ga dawowarsu da wuri." Wallahi wannan amsar ta fi "a'a" ciwo.

Ina tunanin me Yaya zai ce da ya ji yarinyar da yake aika kai abinci gona tana wannan bayani. Na san shi, dariya zai yi ya ce boko ya yi mata yawa, sannan ya bi gari yana alfahari da ita. Abin da ya bar mana ke nan, ita da wannan nadamar.

Jiya matar Lawali ta aiko mini da saƙo gidana a Talata Mafara, wai an sayi ragon barka. Na hau mota na je na kwance shi da hannuna, na tsaya a zaure ina mayar da baƙi. Ga duk wanda na kora, ku yi haƙuri, ku yi masa addu'a daga gida. Na ji ana cewa wai ni Hajiya Asabe ba ni da tawakkali. A faɗa! Lawali ma ya daina yi mini magana, amma ya haɗa jakarsa ta komawa Sakkwato.