Kaya a Kafaɗa

Tun da 'yan bindiga suka kashe mijina Iliya a gona, na yi wata biyar ban iya kallon fuskar 'yarmu Rahila ba. Kamarsu ɗaya. Ina ba ta abinci, ina wanke mata kaya, amma idona na ƙasa. Yarinyar ta lura, har ta daina yi mini magana sai da dalili.

A cikin watannin nan, a ɗakin da muke haya a Birnin Gwari, na riƙa tuna kakata.

Ƙauyenmu yana kusa da Kakangi, a bakin daji. Lokacin girbi, in an gama cin tuwo, mukan zauna gefen murhu Kaka tana gasa mana doya. Bagwariya ce, Hausarta da ɗan nauyi. Ba ta fara tatsuniya kamar kowa. Sai ta ce, "Ta iso, ku matsa ku ba ta wuri."

Matan Gbagyi, wato Gwarawa, ba sa ɗaukar kaya a ka, a kafaɗa suke ɗauka. Wata rana na ɗora tulu a kaina kamar 'yan matan gari. Kaka ta yi dariya.

"Ƙawata ta zama 'yar birni! Sauke, kan nan naki ba jaki ba ne."

Da yamma ta ba mu labarin wata mata da ɗanta ya rasu. Ta ƙulle baƙin cikinta a zane, ta ɗora a ka, ta kama hanya. Nauyin ya danne mata wuya. Ba ta iya duban sama, ba ta iya waiwayawa. Sauran 'ya'yanta suna bayanta suna kira, ba ta ganinsu. Sai ta haɗu da wani baƙo mai tabo a tafin hannu. Ya ce, "Uwa, mayar da shi kafaɗa." Ta mayar. Nan take wuyanta ya saku, ta juya, ta ga yaranta.

Na ce, "Kaka, me ya sa bai karɓe mata kayan gaba ɗaya ba?"

"Ya karɓe ɗanta daga zuciyarta? Ke za ki yarda?" Ta juya doya a wuta. "Baƙon nan Yesu ne, shi ma a kafaɗa ya ɗauki gicciyensa. Bai bar ta ba. Yana gefenta, in ta gaji sai ya sa hannu a ƙasa ya tallafa."

A lokacin doyar ce ta fi damuna.

Kaka ta daɗe da rasuwa. Ƙauyen ya watse, ko kabarinta ba ma iya zuwa. Ina kewar muryarta kamar yadda nake kewar Iliya.

Na yi ta roƙon Ubangiji ya ɗauke mini wannan ciwo, bai ɗauke ba. Daga baya na canza addu'a. Na ce ya taimake ni in gyara ɗauka kawai.

Wata Asabar na kira Rahila in yi mata kitson zuwa coci. Da na gama, na kama haɓarta na juyo da ita. Idon Iliya ne, babu bambanci. Na yi kuka, amma ban kau da kai ba.

Ta ce, "Mama, kitson bai yi kyau ba ne?"

Na ce, "Ya yi. Tsaya in ƙara kallo."