Tafiyar Saje Zuwa Gona

Jiya na ga yara sun nufi gona a jere, sai marigayi maƙwabcina Saje ya faɗo mini a rai. Ya yi wa Faransa yaƙi a Indoshin, can nahiyar Asiya, ya dawo ya sari daji kudu da Madarumfa, dab da iyakar ƙasa. Har ya rasu, shi ke wucewa gaba, iyalinsa na sa ƙafa cikin sawunsa.

Wata safiya bayan shuka, ƙasa na ƙamshin ruwa, ina bin sa a baya, na ratse gefe don in kauce wa taɓo. Sai ya damƙe mini hannu.

"Alhaji, ka san abin da aka binne nan?"

Na ce, "Gero, Saje."

Bai yi dariya ba. Na zauna Cadi da Sudan, na ga masu irin wannan tafiya, na san tsoron nakiya ne.

Yanzu autansa soja ne, an tura shi arewa cikin hamada, wata huɗu babu wasiƙa. Uwarsa ta tambaye ni ko can ma ana binne nakiya. Na ce mata rairayi ne kawai. Allah ya yafe mini, ya jiƙan mijinta, ya maido mata ɗanta da ƙafafunsa biyu.